Tangaɗin Babur ɗin George

Kafin gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas ta dire mana ita a Abuja, ba ni da na biyu a gyaran babur a duk Nyanya. Ba wani ne ya faɗa ba, ni na faɗa, har na sa aka rubuta a allo aka kafa a bakin rumfata: BADARU ƊAURI ƊAYA. Wato notin da na ɗaure ya ɗauru ke nan, sai dai babur ya tsufa ya bar shi.

A Tudun Wadan Zariya na koyi aikin, wurin maigidana Kure, Allah ya jiƙansa. Kullum abin da yake nanata mana shi ne hanya ce ke kwance noti, don haka makanike ya riga ta. Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe karatun allo. Da na zo Nyanya kuwa sai na tarar da hanyoyin da suka fi na Zariya mugunta, ramuka da duwatsu da kwazazzabai, ga manoma da 'yan acaba masu lafta wa babur buhu uku. Nan ƙarfin damtsena ya yi kasuwa. In wani ya dawo ya ce kan babur ɗinsa ya yi tauri, sai in ce masa sabon ɗauri ne, ya ba shi mako guda. Ramuka su jijjiga shi ya saki, mutum ya dawo yana sa mini albarka, ni kuma kaina ya ƙara kumbura.

A gida ne kawai ba a san darajata ba. Matata Indo tela ce, kuma tun ranar da na gyara mata keken ɗinki ta kafa mini doka: ko ƙura na gani a kansa in wuce. Murfin jarka ma in na rufe, sai an jira na dawo daga aiki kafin a sha ruwa. Ni a lokacin duk yabo na ɗauke shi.

Wata uku da tasowar gwamnati, cikin zafin watan Maris na 1992, George ya turo babur rumfata. Mutumin Kafanchan ne, siriri, mai sanyin magana. Shekara goma sha huɗu yana masinja a wata ma'aikata a Legas, da aka kwaso ma'aikatar aka kwaso da shi, aka ba shi ɗaki biyu a Nyanya shi da matarsa Felicity da 'ya'ya huɗu. Aikinsa kai fayil daga ofis zuwa ofis, wani lokaci har filin jirgi. A coci yana cikin mawaƙa. Ko goro na miƙa masa sai ya ce na gode, ba ya ci.

Babur ɗin na ofis ne, a tirela aka ɗoro shi daga Legas, kuma wanda ya ɗaure shi bai ji tausayinsa ba. Shokazoban gaba na yoyon mai, wuyan kuma in ka taka birki sai ka ji ƙwas. George ya ce ma'aikatarsu ba ta kafa gareji a Abuja ba tukuna, shi ne shugaban sashen motoci, Mista James, ya ce ya nemi makanike a gari.

"Oga James ya ce in aikin ya yi kyau, sauran mashin goma sha ɗaya duka nan za a kawo," in ji George.

Ban bari ya ga haƙorana ba, amma a raina har na fara auna inda zan ƙara rumfa.

Ranar Litinin na yi aikin, kuma na yi shi da zuciya ɗaya. Na sauke shokazoba, na canja robobin da ke tare mai, na zuba sabon mai. Na buɗe wuya na fitar da tsohon boris da ya yi tsatsa, na kafa sabo, na jera 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya cikin giris. Da na zo kan notin wuya na ɗaure shi da sifana har ya tsaya. A nan makaniken kirki yake ajiye sifana. Ni kuwa na tuna babur ɗin gwamnati ne, bai kamata a yi masa ɗaurin talakawa ba, sai na ɗauko cizal da guduma na bi shi da bugu uku masu kyau. Na hau na zaga bayan kasuwa inda nake gwada kowane babur, na faɗa wannan rami na kauce wa wancan, ban ji ƙwas ko ɗaya ba. Na miƙa wa George makulli ina hura hanci.

Laraba da safe ya dawo.

"Oga Badaru, mashin ɗin nan tana rawa fa."

"Rawa kamar yaya?"

"A cikin Nyanya babu problem. Amma in na hau titi mai kyau, sai ya ja ni hagu. In na dawo da shi, sai ya wuce dama. Haka, haka, har in kai ofis. Hannuna duka ya gaji."

Na yi murmushin manya, na ce taya ce. Na tura shi wurin Ɗangoggo mai faci, maƙwabcin rumfata, wani dattijo da bai taɓa yarda ni gwani ba ne. Ɗangoggo ya auna iska, ya juya taya, ya ce lafiyarta lau. Na ce to a ƙara mata iska dai. Aka ƙara.

Alhamis George ya sake dawowa. Na ce watakila man shokazoba ne bai zo daidai ba, ɗaya ya fi ɗaya. Na zazzage na sake aunawa da gwangwanin madara, ƙafa biyu daidai wa daida. Na bi wayoyin gargare ɗaya-ɗaya ina ƙwanƙwasawa. Na kwance akwatin fayil da ke baya na ce nauyinsa ne ke kaɗa shi. Da duk suka ƙare sai na koma kan titin, na ce Turawan da suka shimfiɗa shi sun karkata shi ne saboda ruwan sama. Ɗangoggo da ke saurare ya ce, "To su sauran masu babur a wane titi suke bi?" Na yi kamar ban ji ba. Daga ƙarshe na dubi George na ce, "Ka saba da cunkoson Legas ne, hannunka bai san miƙaƙƙiyar hanya ba."

Bawan Allah sai ya ce, "May be haka ne," ya hau ya tafi. Duk abin da na lissafa a kwana biyun nan, ban ko kalli notin wuya ba. Yaya zan zargi wurin da na fi ƙwarewa?

Ranar Juma'a bayan la'asar wata Fijo fara ta tsaya a bakin rumfata. Wani mutum mai tumbi da tabarau ya sauke gilashi, ya ce shi ne Mista James. Hausarsa ta kasuwa ce, yana yi yana haɗawa da Turancin Legas.

"Kai ne mekanik na George? Wannan mashin, e get problem? Gaya mini gaskiya."

Na ga babur goma sha ɗaya sun jeru a idona. Na bugi ƙirji na ce, "Ranka ya daɗe, babur ɗin nan ko daga kamfani aka fito da shi yau bai fi haka lafiya ba. Ni na ɗaure shi da hannuna."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Na gode. Shi ke nan abin da ina so in sani." Ya ja motarsa. Na shiga gida ranar ina ce wa Indo ta fara shirin zama matar ɗan kwangila.

Asabar da hantsi George ya zo, a ƙasa yake tura babur ɗin. Bai gaishe ni da fara'ar da ya saba ba. Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini, na ce ya karanta, don ni da boko sai a hankali. Ashe ranar Juma'a da safe Mista James yana bayansa a hanyar filin jirgi, daidai Lugbe, ya gan shi yana tangaɗi daga wannan gefe zuwa wancan da fayil ɗin gwamnati a baya. Ya tsayar da shi. George ya ce babur ne. Mista James ya ce zai tambayi makanike. Ya kuwa tambaya. Takardar tuhuma ce ta shan giya a bakin aiki, kuma ranar Litinin ƙarfe goma za a zauna a kansa. In ta tabbata, aikin ya tafi, ɗakunan Nyanya ma sun tafi, tunda na ma'aikata ne.

"Ban taɓa sa giya a bakina ba, Oga Badaru. Babana giya ya kashe shi." Ya murza makullin a hannu. "Jiya da na shiga gida, Felicity ta karanta takarda. Sai ta matso kamar za ta gyara mini kwala, ta shinshina bakina."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona. Na karɓi makullin na ce ya je gida, ya ba ni zuwa gobe.

A nan sai in faɗi wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba a lokacin. Shekara tara ina Nyanya, ban taɓa gwada babur ɗin mutane a kan sababbin titunan cikin gari ba. Ba ni da lasin, ina tsoron masu kaki. Gwanin Nyanya guda, iyakarsa bayan kasuwa. Ranar dai na yi shahada na hau, na haura Kugbo na gangara wajen Asokoro, inda kwalta take sumul kamar faranti. Ko minti biyu ban yi ba babur ya fara. Ya lallaɓa hagu, na matsa masa, ya ƙi, na ƙara matsawa, sai ya saki gaba ɗaya ya wuce dama. Na dawo da shi ya sake wucewa. Wani direban tipa ya danna mini ham, ya leƙo ya ce, "Malam, da rana tsaka?"

Na lallaɓo na dawo Nyanya. Yanzu na yarda akwai ciwo, amma har lokacin ina neman wanda zan ɗora wa. Na tura babur ɗin gida na kafe shi a tsakar gida, na zauna a kan benci ina kallonsa kamar zai yi magana.

Indo ta fito da wanki a bokiti, ta tarar ya tare mata igiyar shanya. Ta kama kansa za ta karkatar ta wuce. Ya ƙi. Ta ajiye bokiti ta sa hannu biyu, sannan ya juya da ƙyar.

"Wannan ma kai ka ɗaure shi ko?" Ko kallona ba ta yi ba, tana yarfa zane. "Haka ka yi wa kekena. Sai da na riƙa taka shi da ƙafa biyu, in ya tashi tafiya kuma ya zarce, ɗinki ya karkace. Mako guda ina ɓata wa mutane atamfa."

Na buɗe baki zan ce mata babur ba keken ɗinki ba ne. Sai na rufe.

Na kife turminta, na kira Ɗangoggo ya kama mini muka ɗora cikin babur a kai, tayar gaba ta tashi sama. Wannan gwaji kowane makanike ya san shi, ni ma na san shi, raina shi kawai na yi. In wuya lafiya yake, da ɗan yatsa ɗaya za ka taɓa kan babur ya faɗi gefe da kansa. Na taɓa. Ko motsi. Na tura, ya tafi kaɗan ya tsaya daidai inda na bar shi. Na dawo da shi tsakiya, sai na ji ya faɗa wani ɗan gurbi, ƙyat, ya maƙale.

Ɗangoggo ya ce, "Ɗauri ɗaya ke nan."

Abin da ke faruwa a fili yake. Babur in yana tafiya, kansa ba a tsaye yake cak ba, yana ɗan motsi hagu da dama wanda ido ba ya gani, da haka yake daidaita kansa. Ni kuwa na shaƙe shi. Sai mai tuƙi ya tura da ƙarfi kafin ya motsa, in ya motsa kuma ya wuce inda ake so. A ramukan Nyanya kowa kauce-kauce yake yi, wa zai lura? Kuma ramukan su ne ke sassauta mini ɓarnata cikin mako guda. Ashe shekara tara hanya ce ke gyara aikina, ni ina karɓar godiya. George kuwa yini yake a kan titin da babu rami ko ɗaya.

Da na buɗe wuyan, sabon boris ɗin da na sa ranar Litinin duk ya lotsa, kowane ɗa ya haƙa wa kansa gurbi a cikin kofinsa. Bugu uku na guduma. Na sayo wani, na kafa, na ɗaure da sifana har girgiza ta ɗauke, sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na fara sana'a: na mayar da noti baya kaɗan. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Na taɓa da yatsa, kan ya faɗi gefe a hankali.

Lahadi bayan sun taso daga coci na kai wa George. Ya hau, muka je har Asokoro ina bayansa, babur ya miƙe kamar an ja zare. Na zaci zai yi murna. Da muka tsaya sai ya ce, "Ya gyaru, na gode. Amma gobe in na hau ya tafi daidai, Oga James zai ce yau ne kawai ban sha ba."

Gaskiya ya faɗa. Gyaran ya wanke babur, bai wanke George ba. Na yi ta juya abin a raina har muka iso Nyanya, ina neman hanyar da za ta fid da shi ba tare da ta tona ni ba. Na duba ta ko'ina, babu. Na ce George ya bar mini babur ɗin ya kwana wurina, da yamma na sake kife turmin Indo, na cire sabon boris, na mayar da lotsattsen, na ɗauko guduma na ba shi ukunsa.

Litinin na sa farin kaftanina na Juma'a da hula zanna, na taje gemu, na riƙo carbi a hannu inda kowa zai gani. Ina so duk wanda ya dube ni ya san wannan bai san ƙofar mashaya ba. Ni da George muka lallaɓa da babur har sakatariya a Area One, jakar kayan aikina a baya. Mista James ya fito yana duba agogo.

"Mekanik, me ya kawo ka? Ba kai ka ce mashin lafiya ba?"

"Ni na faɗa, ranka ya daɗe. Ƙarya na yi, ban san ma ƙarya nake ba. Ka dube ni da kyau. Na sha wani abu?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a'a.

"To ka tsaya nan ka gani."

A gaban ofisoshin akwai wani titi miƙaƙƙe, sabo fil, an dasa furanni a gefensa. Na hau na tayar. Wallahi ban ƙara komai don a gani ba, iya ƙoƙarina na yi in tafi daidai. Babur ya ɗauke ni hagu, ya dawo da ni dama, kaftani na kaɗawa, carbi na lilo a hannu. Ma'aikata suka fara leƙowa ta tagogi. Na kai ƙarshe na juyo, a dawowa abin ya fi muni don jikina ya riga ya mutu. Hulata ta faɗi. Wata mata daga bene ta ƙwala ihu, "Jama'a, Malam ya sha!" Dariya ta tashi tun daga ƙasa har sama. Na waiga in ga mai maganar, shi ke nan babur ya zaɓi dama, muka shige cikin furannin gwamnati ni da shi.

Na taso da jar ƙasa a gwiwa da ganye a gemu. Ban tsaya kakkaɓewa ba. Na roƙi direbobi biyu suka ɗaga gaban babur, na ce Mista James ya tura kan da yatsa. Ya tura, ya ƙi. Na baje kayan aiki a ƙasa, a gaban kowa na buɗe wuya, na ɗora masa lotsattsen boris a tafin hannu, na nuna masa gurabun ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Wannan aikina ne, ba na George ba. Sau biyu yana dawowa yana gaya mini, ina ce masa bai iya tuƙi ba." Na kafa mai kyau, na ɗaure, na sassauta. George ya hau ya je ƙarshen titi ya dawo, ko karkacewa babu.

Mista James ya daɗe yana juya boris ɗin a hannu. Sannan ya zaro kwafin takardar daga fayil, ya yaga ta biyu, ya ce, "George, sorry. Je ka ɗauki fayil na Wuse." Ya juyo gare ni ya miƙo mini hannu. "Malam, kai mutum mai gaskiya ne. Amma sauran mashin, zan kai wani wuri."

Na ce ko ni ne shi haka zan yi.

George ya wuce nan take, aiki na jiransa. Washegari da sassafe ya tsaya a rumfata, bai ko kashe inji ba. Ya ce labari ya riga shi isa gida, matar wani direba ta kai. Ya tarar da Felicity a bakin ƙofa tana kuka, ta durƙusa ta roƙe shi gafara a gaban yara. Ni kuwa na juya na yi kamar ina neman sifana.

A makon nan na sauke allon. Na bi waɗanda na yi wa aikin wuya kwanan nan ɗaya-ɗaya ina sassautawa, ina ce musu sabon salo ne ya zo daga Legas. Ɗangoggo kuwa ya tabbatar babu wanda ya yarda. Direbobin sakatariya da yawa a Nyanya suke kwana, kafin Juma'a labarin furanni ya gama tasha, an ƙara masa gishiri har an ce da kwalba a aljihuna.

George ya yi shekara goma sha bakwai yana kai fayil bayan haka, ya yi ritaya da fanshonsa, 'yarsa ta biyu ma'aikaciyar jinya ce yanzu a Gwagwalada. Bai taɓa kai babur wurin wani ba sai ni, sai dai duk ranar da na taɓa wuya, yakan tsaya a kaina ya ce a ɗaga gaba ya gwada da yatsarsa. Indo har gobe ba ta ɗage dokar keke ba.

Ni kuwa yau shekara talatin da 'yan kai, ban san ɗanɗanon giya ba, amma in na bi ta tashar Nyanya sai wani ya ɗaga murya, "Badaru Tangaɗi!" Yaran da ba a haifa ba a lokacin ma haka suke kirana, wasu suna zaton da can na taɓa sha ne na tuba. Ina ɗaga hannu in amsa. Sunan da saura ƙiris George ya kai wa 'ya'yansa gida ne, ni na ƙera masa shi da guduma, sai ya dawo wa mai shi.